Na rage kilo biyar, amma tumbina yana nan

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Shekarata 61, haihuwata takwas, al'ada ta ɗauke mini shekara goma da suka wuce. Tsawona mita 1.60. Wata biyar ke nan da aka ce in rage ƙiba saboda hawan jini da ciwon gwiwa, kuma sukarina ya fara hawa. Na bar tuwon dare, na bar lemon kwalba, ina tafiyar minti 30 bayan sallar asuba. Daga kilo 88 na dawo 83, amma yau wata ɗaya da rabi sikeli bai motsa ba. Tumbina yana nan yadda yake, fuskata ce kawai ta faɗa, har mutane suna tambayata ko ba ni da lafiya. Na gaji. In ƙara rage abinci ne, ko in haƙura tunda girma ya zo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kada ki ƙara rage abinci, kada kuma ki bari. Abin da ke buƙatar gyara shi ne irin abincin da kike ci, da irin motsa jikin da kike yi, da abin da kike auna ci gabanki da shi.

Kilo 5 daga cikin 88 ya kusa kashi 6 cikin ɗari na nauyinki, kuma a wurin likita wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mutane sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba, aka fitar da sakamakonsa a 2002. An nemi wani rukuni a cikinsu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari, a cikin masu shekara 60 zuwa sama kuwa da kashi 71. Tsararki ne suka fi kowa amfana. Ita ma gwiwa ta samu sauƙi, domin kowane kilo ɗaya da ya bar jiki yana ɗauke mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Naki biyar, kusan kilo 20 ke nan a duk ƙafar da kika ɗaga kika ajiye.

To me ya hana ido gani? Mu yi lissafi. A cikin kilo biyar ɗin, mu ce huɗu kitse ne, sauran ruwa da tsoka. Kilo huɗu na kitse ya ɗan haura galan ɗaya mai lita huɗu. Galan guda na man shanu abu ne mai yawa idan an ajiye shi a gabanki. Amma a shafe shi a jikin mutum tun daga wuya har idon sawu, gaba da baya, kaurinsa ba zai kai milimita 3 ba. Wannan ɗan siririn mayafin ne ya fita daga jikinki, kuma ya fita a hankali cikin wata biyar, kina kallon madubi kullum. Ga shi kuma suturarmu ba ta tona asirin jiki. Zani ba shi da lamba, duk inda ƙugu ya kai nan ake ɗaure shi. Riga mai faɗi da mayafi su rufe sauran. Mai sa wando da bel ramin bel ɗinsa ne ke ba shi labari, ke kuwa babu mai ba ki.

Sai batun tumbi, wanda shi ne ya fi damunki. Kafin ɗaukewar al'ada, sinadarin estirojin yana sa jikin mace ya fi tara kitse a cinya da ɗuwawu. Bayan ya ragu, sai kitsen ya koma taruwa a ciki. Kitsen ciki kuma iri biyu ne: akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake kamowa da yatsu, akwai kuma na can ciki, wanda ya kewaye hanji ya shiga hanta. Na cikin nan shi ne ke da hannu a ciwon suga da hawan jini, kuma shi ne ya fi saurin raguwa idan an fara rage abinci da tafiya. Na ƙarƙashin fata, wanda ido ke gani, ya fi jinkiri. Saboda haka mai haɗarin yana iya raguwa sosai, siffar ciki ba ta canza ba tukuna.

Kuma ba duk tumbi ne kitse ba, musamman ga wadda ta yi haihuwa takwas. Akwai dogayen tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, gefe da gefe. Juna biyu yana buɗe tsakaninsu, a wasu matan kuma ba sa komawa su haɗe sosai, sai kayan ciki su riƙa turowa gaba. Za ki iya dubawa da kanki. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki sa yatsu a kan layin cibiya, sama da ita kaɗan, sannan ki ɗan ɗago kai. Idan kika ji rami wanda yatsu fiye da biyu suka shige, ko kika ga tsakiyar cikin ya taso kamar kunyar gona, to tsokar a buɗe take. Ko kin rage kilo 15 irin wannan cikin ba zai lafe da rage abinci kaɗai ba, aikin likitan gashi da motsa gaɓɓai ne. Ƙari a kan haka, tsawon mutum yana ɗan raguwa da shekaru, baya yana ɗan rankwafawa, sai wurin da ke tsakanin haƙarƙari da ƙugu ya matse, ciki ya fito. Fata ma ba ta komawa kamar ta mai shekara 30. Dalilin faɗawar fuska ke nan: kitsen kumatu dama yana raguwa da girma, kaɗan ya fita sai a gani, ga shi ita ce kowa ke kallo. Mu kuma mun saba ɗaukar ƙiba a matsayin alamar hutu, rama kuma alamar ciwo ko damuwa, shi ya sa ake miki jaje maimakon barka. Ki riƙa faɗa musu kai tsaye cewa likita ne ya sa ki, saboda gwiwa da hawan jini.

Wani abu dai kada ki ɗauke shi da wasa. Idan cikin yana ƙara girma alhali sauran jiki yana ramewa, ko ya yi tauri, ko kina ƙoshi daga loma kaɗan, ko kika ga jini bayan shekarun nan da al'ada ta ɗauke, ki je a yi miki hoton ciki cikin makon nan. Wannan ba maganar ƙiba ba ce.

Yanzu ki nemi tef ɗin awo irin na tela. Da safe kafin ki ci komai, ki tsaya ba zani a ƙugu, ki laluba ƙarshen haƙarƙarinki na ƙasa da kuma saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef ɗin a tsakiyar su biyun. Ki fitar da numfashi kamar yadda kika saba, ba tare da shanye ciki ba, ki karanta. Ki rubuta a littafi duk bayan mako biyu. Abin da ake so a ƙarshe shi ne awon ya kasa rabin tsawon mutum, wato santimita 80 a gare ki. Mai yiwuwa kina nesa da nan, kuma ba lallai ki kai ba. Santimita 4 ko 5 da za su fita riba ce ta gaske. Awo na biyu na ƙarfi ne: ki zauna a kujera mai tauri wadda aka jingina da bango, ki rungume hannuwa a ƙirji, wani ya duba agogo, ki ƙirga sau nawa za ki miƙe tsaye ki koma cikin daƙiƙa 30. Mace mai shekara 60 zuwa 64 da ta kasa yin 12, ƙarfin ƙafarta ya gaza na tsararta. Ki lura kuma da sallarki. Tasowa daga sujada, da zaman tahiya, sukan nuna canji tun kafin madubi.

Shi kuwa sikeli, ruwa yake aunawa tare da kitse. Nauyin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin jiya da yau ba tare da kitse ya motsa ba. Miya mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yawa tana riƙe ruwa, haka taurin bayan gida. Magungunan ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen suna riƙe ruwa, suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda, don haka ba naki ba ne na sha kullum. Amlodipine, wanda masu hawan jini da yawa ke sha, yana kumbura ƙafa. Ki hau sikeli ɗaya tak, da safe bayan kin kewaya, sau uku a mako, ki riƙa kwatanta matsakaicin wannan makon da na wancan.

Duk da haka, wata ɗaya da rabi ya isa a ce raguwar ta tsaya da gaske, kuma yawanci dama a tsakanin wata na huɗu zuwa na shida take tsayawa. Mutane sukan ɗora laifin a kan tsufa, su ce jiki ya daina ƙona abinci. Wani bincike da Herman Pontzer na Jami'ar Duke ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya duba mutane sama da 6,400 a ƙasashe 29, ya gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, ƙona abinci ba ya sauyawa sosai daga shekara 20 har 60. Bayan nan ne yake raguwa da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Wato injin bai mutu ba. Abin da ke faruwa shi ne jiki mai kilo 83 ba ya cin mai kamar mai kilo 88: kowane kilo da ya fita yana rage buƙatar jiki da kalori 20 zuwa 30 a yini (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Yunwa kuma tana ƙaruwa fiye da haka, an ƙiyasta ta da kusan kalori 100 a yini a kan kowane kilo. Ba ta zuwa da sallama. Malmala ce za ta ɗan ƙara girma, ludayin miya ya zama biyu, hannu ya riƙa kai wa gyaɗa.

Nan ne zan tambaye ki: da kika bar tuwon dare, me ya maye gurbinsa? Idan shayi ne mai madara da sukari da yankan burodi uku ko huɗu, an gudu ba a tsira ba, yana iya kai malmalar da kika bari, ga shi ba ya riƙe ciki. Idan fura ce, ki sani fura da nono da sukari abinci ne cikakke, ba abin sha ba ne da za a ɗora a kan wani abincin. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sukarinsu yakan yi kafaɗa da na lemon da kika bari. Amma babban ɓarawon yana cikin tukunya. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, kalori 120 ne. Ƙaramin gwangwanin madara cike da mai ya haura 1,200. Cikin tafi ɗaya na soyayyar gyaɗa kusan 170 ne. Tafiyarki ta minti 30 kuwa tana ƙona 130 zuwa 150. Kin ga cokali ɗaya na man shanu a kan tuwo ya kusa cinye tafiyar asuba. Ki yi kwana uku kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har ɗanɗanon miya da ragowar jikoki, ɗaya daga cikin kwanakin ya zama na biki ko suna. Galibi a nan ake ganin inda ƙofar take.

Dalilin da ya sa na ce kada ki ƙara rage abinci shi ne tsoka. Daga shekara 30 tsokar mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin yana ƙara sauri. Idan aka rage ƙiba da yunwa kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya fita ba kitse ba ne, har da tsoka a ciki. Matashiya tana iya mayar da ita cikin sauƙi, dattijuwa kuwa da ƙyar. Idan nauyin ya dawo daga baya, kitse ne ke dawowa. Haka mace za ta yi ta rama tana ƙiba, kowane zagaye ya bar ta da ƙarancin ƙarfi fiye da na baya, cinya da damtse su saki, tumbi yana nan. Tsokar cinya ita ce ke tallafe gwiwa, tsokar jiki kuma ita ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. Wanda ya rasa ta ya rasa abin da ya fita nema.

Don haka abincinki yana buƙatar furotin, wato mai gina jiki, fiye da na yarinya: giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo, a lissafa da nauyin da ake son kaiwa. Mu ce kilo 70, giram 70 zuwa 84 ke nan a yini, a raba uku, kusan 25 a kowane ci, domin tsokar dattijo ba ta amsawa sosai idan kaɗan-kaɗan ake ba ta. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin kindirmo kusan 8. Kofin dafaffen wake kusan 13. Kifi ko nama mai faɗin tafin hannunki, ban da yatsu, 20 zuwa 25. Karin kumallon koko da ƙosai biyu bai kai ko kusa ba. Ki mayar da shi dafaffen ƙwai biyu da alale, da koko rabin kofi ba sukari. Da rana ki ci tuwonki ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki, da miyar ganye ko kuka ko kuɓewa mai yawa amma mai ƙarancin mai, da kifi ko nama. Da dare kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli, da kindirmo ba sukari, ko faten wake, ko awara da aka dafa cikin miya maimakon a soya. Tunda kina da hawan jini, a fara duba ƙodarki da gwajin jini da na fitsari, domin mai ciwon ƙoda lissafinsa dabam ne. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Tafiya tana da kyau, ki riƙe ta, ki ɗan ƙara sauri har ki ji kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Minti 10 bayan abincin rana ko na dare ma yana sauke sukari. Sai dai tafiya ba ta gina tsoka sosai. A 2017 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka a kan dattawa masu ƙiba su 160, 'yan shekara 65 zuwa sama. Waɗanda aka sa a tsarin rage abinci sun rage kusan kashi 9 cikin ɗari a wata shida, amma masu atisayen ƙarfi sun fi riƙe tsokarsu da ƙarfin ƙashin ƙugunsu, waɗanda suka haɗa shi da irin na tafiya kuma suka fi kowa samun kuzarin jiki.

Ba sai kin je gidan motsa jiki ba, tsakar gida ta isa. Kwana biyu ko uku a mako, da hutun yini ɗaya a tsakani, ki yi waɗannan. Tashi da zama daga kujera, ki riƙa sauka a hankali kina ƙirga uku. Idan gwiwa ta hana, ki ɗora matashi a kan kujerar don ta ƙara tsawo. Tura bango: ki tsaya taku ɗaya daga bango, tafuka a kansa daidai kafaɗa, ki kai ƙirji kusa ki tura baya. Ɗaga dunduniya kina dafe da bango. Sai gorar ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, ki fara da mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, ki ɗaga zuwa kafaɗa, sannan ki ɗan sunkuya ki jawo su zuwa ƙugu. Kowanne sau 8 zuwa 12, ki huta minti ɗaya, ki maimaita. Inda mutane ke kuskure shi ne su yi wata shida da gora ɗaya. Duk ranar da 12 ta zo miki da sauƙi, ki ƙara nauyi ko ki ƙara zagaye na uku, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an ba ta aikin da ya ɗan fi ƙarfinta. Kada ki riƙe numfashi yayin ɗagawa, yana harba jini sama. Ki fitar da shi lokacin da kike yunƙurawa. Ɗan ciwon gwiwa da ya lafa kafin washegari ba komai, wanda ya kwana ya wuni ko ya zo da kumburi yana nufin a rage. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya gagara, ki tsaya ki nemi likita. Atisayen nan na kwanciya ana tasowa zaune ba ya narkar da kitsen ciki, kuma idan tsokar cikinki a buɗe take yana iya ƙara turo shi. Ɗamarar matse ciki ma siffa take gyarawa na lokacin da take jiki kawai.

Ki guji shayin rage ƙiba da ake tallatawa. Yawancinsu ganyen filasko ne da danginsa masu sa gudawa, ko masu sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, su tafi da gishirin jiki irin su fotasiyam, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin hawan jini. An sha samun sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Idan kina azumin Litinin da Alhamis ki ci gaba, amma ki sa ƙwai ko wake ko kindirmo a sahur, kada buɗa-baki ya zama na soye-soye. Barci ma a kula: wanda ba ya samun awa bakwai yunwarsa takan ƙaru, idan kuma ana ce miki kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ki faɗa wa likita.

Ki ba wannan tsarin mako 12. A makonnin farko sikeli zai iya tsayawa ko ya ɗan hau, saboda tsokar da ta fara aiki tana riƙe ruwa. Ƙarfi ne zai fara zuwa, sannan awon ƙugu, siffa daga baya. Rubu'in kilo zuwa rabin kilo a mako ya wadatar a shekarunki. Idan mako 12 suka cika babu abin da ya motsa a cikin ukun, wato tef, kujera da sikeli, ki ɗauki littafinki da duk magungunan da kike sha, har na gargajiya, ki kai wa likitanki. A duba ko akwai mai sa ƙiba a ciki, kamar prednisolone, dexamethasone, amitriptyline ko cyproheptadine, kada dai ki daina ko ɗaya da kanki. Ki nemi a yi miki gwajin TSH, na ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo, domin raguwar aikinsa ta fi yawa a mata masu shekaru kuma tana zuwa da kasala, jin sanyi da taurin bayan gida. A haɗa da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, a kwatanta shi da na lokacin da kike kilo 88.